Yaya, Ɗan Farinsa, da Inji Mai Silinda Takwas

Yayana ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na unguwar Chagoua, aka sallace shi bayan azahar. Allah ne ya ba mu shi, Allah ne ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya. Ban zauna rubuta wannan don in yi kuka a takarda ba. Wata magana na ji a wurin zaman makoki, wadda idan ban gyara ta ba za ta bi wani bawan Allah har ƙarshen ransa.

Jama'a ta zo da yawa. Mahauta 'yan'uwanmu sun rufe rumfunansu sun zo, dillalan shanu sun zo, direbobin tasi sun jera motocinsu har suka toshe layin. Da yawansu ba sa jin Hausa, da Larabci suke gaisuwa, kuma duk da suna ɗaya suke kiransa, Usta, wato babban gwanin sana'a. Wani tsohon direba ya kama hannuna ya ƙi saki, yana tambayata wa zai riƙa fitar da su daga taɓo idan damina ta faɗi. Wani attajiri na unguwar Mardjandafak ya ce shekara da shekaru yana kai wa Yaya mota, bai taɓa fita daga garejin ba tare da an yi masa faɗa ba, kuma bai taɓa zuwa wani wuri ba. A cikin gida, matar Yaya ta aiko a ce mini a samo tamfol a rufe motar da ke ƙofar gida, ba za ta iya ganinta ba. Aka rufe. Tamfol ɗin bai kai tsawonta ba, hancinta ya leƙo waje.

A rana ta biyu ina zaune kusa da mai dafa shayi, na ji wasu mutum biyu a bayana. Ɗaya ya nuna babban ɗan Yaya da baki, ya ce uban ya tafi da fushinsa. Ɗayan ya ce ai kowa ya sani, har tsohon ya mutu bai yi masa magana ba. Yaron yana bakin tabarma, ya ji su, ya sunkuyar da kai. Na ce yaro, amma magidanci ne mai 'ya'ya. Kafin sadakar uku maganar ta shiga cikin mata, ta fita unguwa. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ba ni shawara a nemi malamai su yi wa yaron addu'a, don wanda iyaye suka tafi suna fushi da shi ba ya gamawa lafiya. Na ce masa na gode. A wurin makoki ba a gardama. Amma ni kaɗai na san yadda abin ya faru daga farko har ƙarshe, kuma zan faɗe shi bi da bi.

Mu mahauta ne. Mahaifinmu daga ƙasar Kano ya zo, mahaifiyarmu Bafulatana ce, kuma kunyar ɗan fari da muka gada ta ɓangarenta ce ta fi ƙarfi. Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san cewa uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama su yi hira. Yaya ya riƙe wannan fiye da kowa da na sani. Da aka yaye yaron, ni aka kawo wa, a ɗakina ya girma, ni yake kira Baffa. Idan Yaya yana da magana da shi, ni yake kallo. Ko da yaron yana tsaye a gabansa, sai ya ce, “Gaya wa yaron nan ya miƙo mini sifana.” Ni kuma in juya in faɗa, yaron ya miƙa. Idan ba na wurin, sai ya yi magana da bango, ko da motar da ake gyarawa. Saboda haka mai cewa Yaya bai yi wa ɗansa magana ba har ya mutu, bai faɗi wani sabon abu ba. Tun ranar suna bai yi masa ba.

Yaya ne kaɗai a gidanmu ya ajiye wuƙa ya ɗauki sifana. Mahaifinmu bai so ba, amma ya bar shi. Yadda yake aiki, ba ya buɗe mota sai ya saurare ta. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Duk wanda ya yi tari a lokacin sai ya sha zagi. Bayan nan ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina. Sannan ya faɗi ciwon, kuma kafin ya faɗa sai ya fara da laifin mai motar. Ba ya yarda a buga ƙofar mota da ƙarfi. Ba ya yarda a ajiye kayan aiki a ƙasa. Ba ya cin abinci a gareji sai ya wanke hannu har gwiwa da toka da sabulu, kuma shayinsa ba a sa masa sukari da yawa irin na mutanen garin nan, yana cewa shi shayi ya nema, ba alewa ba. Mutum ne mai saurin fushi. Ban zo in ce ba haka ba ne don ya mutu.

Motar da aka rufe da tamfol, a farkon shekarun casa'in ya same ta. Wani ɗan kasuwa ne ya shigo da ita daga Kano tun zamanin da kuɗi suka yi yawa a Najeriya, ya rasu, ta yi shekarun yaƙin basasar ƙasar nan a ƙarƙashin wata rumfa a Mardjandafak kaji suna ƙwai a cikinta. Ƙirar Amurka ce, ƙofa biyu, doguwa kamar kwalekwale, gabanta kaɗai ya kusa tsawon ƙaramar tasi. Injinta silinda takwas ne, huɗu a wannan gefe, huɗu a wancan. Magada sun so su sayar wa maƙera su yi tukwane da murhu. Yaya ya sa aka jawo ta da igiya har Chagoua, yara suna bin ta suna ihu. Ya kwance injin nan gaba ɗaya, ya shimfiɗa sassansa a kan buhuna, ya wanke kowane da kalanzir. Abin da ya rasa ya je Maiduguri ya nemo, abin da bai samu ba ya sa aka ƙera masa. Ranar da ta tashi ina rumfata a kasuwa, amma maƙwabta sun ce kwanukan da ke rataye a bango sai da suka yi rawa, wata tsohuwa ta kwanta a ƙasa tana salati, ta ɗauka harbi ne ya dawo.

Abin da yake so a injin nan, ya sha faɗa mana. Ya ce komai nasa a fili yake, mutum zai iya zura hannu har kafaɗa ya taɓa duk inda yake so. Kafireta, wato tukunyar da ke gauraya fetur da iska, tana zaune a sama kamar rawani, da sukurori biyu ake lallashinta. Ya ce ƙarfinsa daga ƙasa yake fitowa, ba sai ka yi ta matsa masa ba, kana ɗora ƙafa a totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Kuma ba ya zaɓen abinci. A shekarun nan yawancin fetur ɗinmu na kwalba ne da ake sayarwa a bakin hanya, wani da ƙasa a ciki, wani an haɗa shi da kalanzir. Yaya yana da wata tsohuwar hula da yake tace fetur da ita, ya zuba, motar ta yi tari sau biyu ta wuce. Amma tana sha. Matarsa ta ce abin da motar nan take sha a mako ya ishi gida biyu cefane. Ya ce ita ma ba ta taɓa ganin ingarma ya ƙoshi da abincin akuya ba.

Da damina kuwa, kowa ya san layukan Chagoua. Tasi ta nutse har gindin ƙofa, direba ya aiko, Yaya ya jefa sarƙa a but ya tafi. Ba ya karɓar komai a kan wannan, sai dai direba ya tsaya ya ji faɗa. Mata masu naƙuda da yawa a layinmu a motar nan aka kai su asibiti. Amaren mahauta ma ita ce take gaba. Akwai ranar da wani maƙwabci da suka yi shekara ba sa gaisawa saboda rigimar magudanar ruwa, ɗansa ya faɗo daga itace ya karye. Yaya ya ɗauke su ya kai, ya jira har aka ɗaure ƙafar, ya dawo da su, kuma washegari ya ci gaba da ƙin gaishe shi.

Yaron a hannunsa ya koyi aiki, kuma ya iya. Yaya bai taɓa yabonsa ba, sai dai wata rana ya ce mini a hanya, yana kallon wani wuri, wai hannun yaron ba shi da laifi. A bakin Yaya wannan kirari ne.

Sai zamani ya juya. Wajen ƙarshen shekarun casa'in motoci suka fara shigowa ta Kwatano, ƙanana, ƙirar Japan da Turai, silinda huɗu. Ba su da kafireta. Wasu allurai ne suke fesa fetur, kuma wani ƙaramin akwati da bakanikai suke kira ƙwaƙwalwa shi ke auna abin da za a fesa da lokacin da wuta za ta tashi. Da aka shiga shekarun dubu biyu, kuɗin man fetur suka fara shigowa gari, sai ga motocin ko'ina. Yaron ya yi boko fiye da mu, yana karanta Faransanci. Ya riƙa zuwa wurin wani bakanike ɗan Kamaru a garin Kousseri, ƙetaren kogi, yana koyo, ya dawo da wata na'ura mai wayoyi biyu da ake auna wuta da ita. Yaya ya ce a gaya wa yaron nan kada ya rataye masa abin wasan yara a bangon gareji. Aka rataye a bayan ƙofa.

Daga nan gardama ta fara, kuma duk ta kaina take bi. Da la'asar idan na rufe rumfa nakan biya garejin in sha shayi. Yaron ya ce, Baffa, gaya wa Baba injin nan ƙarami yana ba da ƙarfi kusan na babban, a kan fetur da bai kai rabi ba, kuma da safe murɗa ɗaya yake tashi. Yaya ya ce in gaya masa injin da aka lulluɓe da roba aka hana mutum gani, ba amana tsakaninsa da mai shi. Yaron ya ce wannan ba ya buƙatar a riƙa saita shi duk mako. Yaya ya ce a ba shi fetur ɗin kwalba na wata uku a gani. A nan Yaya yana da gaskiya, don alluran nan suna toshewa da ƙazanta, kuma yaron ya sha cire su yana wankewa. Ni da ban san komai a inji ba, ina tsakiya ina maimaita kalmomin da ban san ma'anarsu ba, direbobi suna dariya suna ƙara zuga su.

Zugar ce ta kai aka yi tsere. Wata Lahadi ce a cikin zafin bazara. Muka ƙetare gadar Chagoua muka miƙe hanyar kudu, inda kwalta take da kyau. Yaron yana cikin wata ƙaramar farar mota da ya gyara wa kansa, ni ina gefen Yaya. Da aka ɗaga hannu, motarmu ta yi wani ruri, bayanta ya yi wutsil-wutsil, muka bar yaron a baya kamar yana tsaye. Yaya yana dariya, ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ran nan. Da tafiya ta yi nisa sai na ga farar motar tana girma a madubi. Ta zo daidai da mu ba wata ƙara, ta wuce. Allurar zafi a gabanmu ta hau, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, dole muka tsaya a gindin wata bishiya. Yaron ya juyo ya dawo da jarkar ruwa, ya ajiye a gabana. Yaya ya ce in gaya masa gudu daban, ƙarfi daban, ya zo da damina a ɗaura wa motocin sarƙa a gani. Amma a hanyar komawa na lura yana ta kallon bayan farar motar.

Yanzu na zo kan abin da ya raba su. A tsofaffin motoci, idan ana so a san ko dinamo yana cika batir, sai a tayar da inji a zare kan batir ɗaya. Idan inji ya ci gaba da aiki, dinamo lafiya. Idan ya mutu, an gano ciwo. Haka aka koya wa Yaya, haka ya yi duk rayuwarsa, bai taɓa samun matsala ba. Wata rana wani dillalin shanu ya kawo sabuwar motarsa, batir ba ya cika. Yaron ya fita sayen kaya. Dillalin yana sauri, kuma tsohon abokin cinikin Yaya ne, ya ce Usta, kai ma ka duba mana. Ina wurin, na kawo wa Yaya nama. Ya sa aka tayar, ya zare kan batir, ya kuma taka totur don ya tabbatar. Motar ta yi shiru. Aka mayar da kan batir, aka murɗa, aka sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Wutar da ta taso ta ƙona akwatin nan.

Yaron ya dawo ya tarar da mu cirko-cirko. Ya tambayi ma'aikata, suka faɗa masa. Bai kalle ni ba. Ya juya ya kalli mahaifinsa ido cikin ido, a gaban dillalin da direbobi da kowa, ya ce, “Baba, wa ya ce ka taɓa? Wannan ba irin akwalarka ba ce. Abin da ba ka sani ba ka bar shi.”

Yaya ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. Sannan ya dube ni ya ce, “Gaya wa yaron nan ya kwashe kayan aikinsa.”

Na faɗa, don ban taɓa riƙe saƙonsa ba. Yaron ya je Maiduguri ya nemo wani akwatin, ya tayar wa dillalin motarsa, sannan ya kwashe kayansa ya buɗe nasa wurin a unguwar Abena. Masu sababbin motoci suka bi shi, kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Mutanen waje sun ɗauka rabuwar sana'a ce kawai, irin wadda kowane ɗa yake yi idan ya kawo ƙarfi. Ni na san bambancin. Saƙo ne ya daina zuwa. A da ba a yini Yaya bai ce mini gaya wa yaron nan ba, ko da faɗa ne. Yanzu in zauna da shi har magariba, ya yi zancen farashin shanu, ya yi zancen ruwan kogi, ya sallame ni hannu wofi. In wuce Abena, yaron ya tare ni da ido, ya ga babu komai, ya koma ƙarƙashin mota. Na yi ta safa da marwa tsakanin unguwannin nan biyu shekaru, ba abin da nake ɗauke da shi.

Na gwada abin da ya kamata. Da farko na yi wa yaron faɗa irin wanda ban taɓa yi masa ba, ya yi kuka, ya ce in kai tubansa. Na kai. Yaya ya ce, na ji. Bai ce na yafe ba. Sai na sa matarsa ta yi masa magana, ya ce ta kula da tukunyarta. Sai na kawo limamin masallacinmu, Yaya ya saurare shi da ladabi, ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya ce mini kada in ƙara tara masa mutane. Duk Sallah yaron yakan zo da iyalinsa ya durƙusa ya gaishe shi, Yaya ya amsa yana kallon gefe kamar yadda ya saba, ya ɗauki jikoki ya ɗora a cinya. Amma ba saƙo. Daga baya na gane ba rashin kunyar yaron kaɗai ke cinsa ba. Ya san shi ne ya ƙona motar, kuma bai san yadda ake faɗin haka ba.

A shekarun nan Yaya ya kasa zama wuri ɗaya. Aiki ya ragu, sai tsofaffin tasi. Kullum da safe sai ya tayar da motarsa ko ba inda za shi, ya buɗe bonet, ya saita abin da ba ya buƙatar saiti. Ya share gareji, ya sake sharewa. Ya fita da ita ya zaga gari ya dawo, kuma ko ina ya ce za shi, hanyarsa sai ta bi ta Abena. Ba ya tsayawa. Yaron ya faɗa mini tun daga nesa yake gane ƙararta, sai ya ajiye abin da ke hannunsa har ta wuce. Wani lokaci yakan ce, Baffa, silinda ɗaya ba ya ɗaukar wuta sosai, ka gaya masa. In gaya wa Yaya, ya yi kamar bai ji ba. Bayan kwana biyu in ji ƙarar ta gyaru.

Sai ciwo ya kama shi. Ƙafafunsa suka fara kumburi, hannunsa ya fara rawa, likita ya hana shi gishiri da tuƙi. Gishirin ya rage. Wata safiya, bai fi wata biyu kafin rasuwarsa ba, ya aiko a kira ni daga kasuwa. Na tarar ya sa babbar riga yana zaune a mota. Ya ce in shiga. Ban tambaye shi ina za mu ba. Motar tana ta baƙin hayaƙi tana warin ɗanyen fetur. Muka bi hanyar Abena kamar kullum, amma wannan karon da muka zo ƙofar garejin ya taka birki ya kashe inji.

Yaron yana kan wata sabuwar mota, bonet a buɗe, inji yana aiki. Ya miƙe yana goge hannu a wando, bai san abin da zai yi ba, sai ya durƙusa ya gaishe mu. Yaya ya dogara sandarsa ya taka har gaban motar. Ya mayar da hannuwansa duka biyu baya ya riƙe, kamar mai tsoron kada su kufce masa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Tambayi yaron nan, ina ne abin da na ƙona?”

Na juya wajen yaron. Na maimaita. Yaron ya zagaya ya buɗe wani murfi ya nuna, ya ce, “Baffa, gaya masa ga shi nan.” Yaya ya leƙa, ya ce ashe bai fi gwangwanin kifi ba. Ya ce in tambaya yadda abu kamar wannan yake sanin iska nawa ta shiga. Yaron ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana nunawa, wannan yana jin zafi, wannan yana jin iska, wannan yana jin juyin inji, duk suna kai wa akwatin labari. Yaya ya ce wato aikin kunnensa da hancinsa aka ba gwangwani. Ya karkata kai ya saurara. Ya ce injin ba shi da murya, kamar keken ɗinki, amma bai ji ya yi kuskure ko sau ɗaya ba, kuma wanda ya ƙera shi ba wawa ba ne. Yaron ya ce in gaya masa har gobe wannan ba zai ja tasi daga taɓon Chagoua ba. Yaya ya ce ai ya sani.

Sai ya zaro makullin motarsa ya miƙo mini. Ya ce in gaya wa yaron kafireta tana ambaliya, kuma hannunsa ya daina tsayawa a kan sukuru. Yaron ya karɓa. Suka tsaya a gaban tsohon injin nan kafaɗa da kafaɗa, kawunansu kusan a haɗe, ni ina bayansu ina ɗaga murya saboda ƙara. Gaya masa ya juya hagu kaɗan. Gaya masa ya yi yawa, ya dawo. Gaya masa ya bar kallon allurar na'ura ya saurara. Har hayaƙin ya washe, ƙarar ta daidaita. Ma'aikatan yaron ba Hausawa ba ne, ba su ji abin da aka ce ba. Abin da suka gani shi ne tsoho ya zo ya tafi bai kalli maigidansu ba. Ina jin daga nan ne maganar da na ji a wurin makoki ta samo tushe.

A hanyar komawa, mun kusa gida, Yaya ya rage gudu ya ce, “Ka koma ka gaya masa na yafe tun tuni, shi ma ya yafe mini. Ka ce Allah ya yi masa albarka, shi da abin da ya haifa.” Na ce ya bari sai gobe, rana ta yi. Ya ce yau ya ce. Na sauka a bakin titi na tari tasi na koma Abena, na faɗa wa yaron kalma da kalma. Ya shiga bayan gareji ya daɗe bai fito ba.

Bayan nan jikin Yaya ya ƙara nauyi, bai sake fita ba. Amma kusan kullum akwai aike. Gaya masa ya zo ya tayar da ita kada batir ya kwanta. Gaya masa ya daina sayen fetur wurin wane. Gaya masa ya rage fushi da ma'aikata. Yaron ne ya riƙa ɗaga shi yana kwantarwa, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Wannan shi ne abin da na gani da idona kuma na ɗauka da bakina. Yaya bai tafi da fushin ɗansa ba. Wanda yake da sauran magana ya zo rumfata a kasuwar nama ya same ni, ya ƙyale yaron ya yi makokin ubansa. Allah ka gafarta wa Yaya zafin ransa, ka saka masa da alherin da ya yi wa mutanen da bai ko tsaya jin godiyarsu ba, ka yalwata masa makwanci. Albarkar da ya sa wa ɗansa kuma, ya Ubangiji, ka karɓa.